Ranar da inji ya sha man gyaɗa



Juma'ar da ta wuce na fito daga Kausani na shiga mota a Wudil zan tafi Kano, sai gardama ta kaure tsakanin kwandasta da wani dattijo a kan kuɗin mota. Kwandasta ya ce, "Baba, ka je gidan mai ka ji farashi." Can daga baya wani ɗalibi ya tsoma baki, ya ce ai Baturen da ya ƙera injin gas don man gyaɗa ya ƙera shi, kamfanonin mai ne suka danne maganar. Motar da muke ciki ma fetur take sha, amma ba wanda ya kula. Na sha cin karo da wannan zance a Facebook, har da wani gajeren labari da aka gina a kansa. Akwai gaskiya a ciki, sai dai an yi mata ƙari.

Ga abin da ya faru. A shekarar 1900, wajen baje kolin duniya na birnin Paris, kamfanin Otto na Faransa ya nuna wani ƙaramin inji irin wanda Bajamushe Rudolf Diesel ya ƙirƙiro. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada shi da man gyaɗa, domin tana son man da za a iya nomawa a ƙasashen Afirka da ta mallake, ba sai an yi dakon gawayin kwal ko fetur daga Turai ba. Injin ya yi aiki lafiya lau, har akasarin 'yan kallo ba su gane ba. Diesel da kansa ya ba da wannan labari a 1912, shekara guda kafin ya ɓace daga cikin jirgin ruwa a hanyarsa ta zuwa Ingila. Ba don gyaɗa ya ƙera injin ba, an dai gwada ne, ta kuma yi.

Ku lura da lokacin. A 1900 Turawa ba su ci Kano ba tukuna, sai a 1903. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, Ingilishi na sa ran auduga, manoma kuwa suka ga gyaɗa ta fi kuɗi suka koma mata. Daga nan ne irin su Alhassan Ɗantata suka yi fice, aka riƙa jera buhuna har suka zama dala. Gyaɗar nan duk bakin Turawa ta nufa, man girki da man shafa wa burodi da sabulu, ba tankin mota ba.

Dalili shi ne ɗanyen man tsiro ya fi gas kauri kusan sau goma. In aka daɗe ana zuba shi, nozul ya toshe, inji ya yi datti. Wanda ya warware wannan shi ne Georges Chavanne na Jami'ar Brussels a Beljiyam. Ya haɗa manjan da ake kawowa daga Kwango da sinadarin etanol, kaurin ya rabu ya kwanta a ƙasa, abin da ya taso sama ya zama mai tsinke kamar gas. Ya yi rajistar fasahar ranar 31 ga Agusta, 1937, kuma a 1938 wata bas ta fasinja ta yi ta jigila da wannan mai tsakanin Brussels da Louvain. Wannan shi ne abin da ake kira bayodizal a yau. Abin da ya kwanta ɗin kuwa gilisarin ne, masu sabulu sun san shi. Ke nan bas ta farko da aka sani ta yi aiki da shi, man Afirka ta sha, a titin Turai.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu fetur ya yi arha, aka ajiye zancen. Mu ma aka samu namu a Oloibiri a 1956, sannan farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka ƙarasa dalar.

A 2007 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar man tsirrai, wadda ta tanadi a riƙa gauraya kashi 20 cikin ɗari na bayodizal a cikin gas. An ambaci manja, an ambaci bini-da-zugu, wannan da muke shinge da shi. Shekaru sun ja, ni dai ban taɓa ganin famfonsa a wani gidan mai tsakanin Wudil da Mariri ba. Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, hankalin gwamnati ma wajen iskar gas ya karkata.

Ni a ganina ba wata maƙarƙashiya ba ce, lissafi ne. Ka shiga kasuwar Wudil ka tambayi kwalbar man gyaɗa, ka kwatanta da litar gas. Man miya ya fi tsada, to wa zai ɗauke shi daga tukunya ya ba bas? Inda abin ya yi tasiri, man ya yi musu yawa ne ko kuma zubar da shi suke yi. Indonesiya tana da manja fiye da kowa a duniya, shi ya sa ta iya tilasta gaurayen kashi 35 a 2023. Birnin Graz na Austriya ya fara a 1994 da man suyar da gidajen abinci suka gama da shi, har daga baya bas-bas ɗin birnin suka koma kansa gaba ɗaya.

Da na ba innata wannan labari na Graz, tana gaban kaskon ƙosai, sai ta dube ni ta ce, "Kai yaro, wane mai ne ake gamawa da shi?" Ta ɗaga galan ta tsiyaya sabo a kan na jiya, ta ci gaba da suyarta.