Man Shanu da Kitso a Kwarin Rima: Tarihin Tattalin Gashi ba da Wuta ba

Ƙasar da ta haɗa Wurno da Rabah da Goronyo tana gabashin Sakkwato ne a kwarin Gulbin Rima da na Gulbin Sakkwato, inda damina ba ta wuce wata huɗu ba, hunturu kuwa yakan kankama daga Nuwamba har zuwa Fabrairu da iska mai ƙura wadda take tsotse laima daga duk abin da ta taɓa, kafin bazara ta biyo baya da zafinta. A irin wannan yanayi, gyaran gashin mace tun asali ya kasance gwagwarmaya da bushewa, domin gashin da ya bushe yakan karye a bakin mataji, kuma kitson da aka yi a kan busasshen gashi ba ya jimawa kafin ya tashi. Saboda haka ne sana'ar kitso a wannan yanki ta taso tare da sanin mai da ruwa da ganye, har ya zama makitsiya, wato macen da take yi wa mata kitso, ba a yaba mata da kyan zane kaɗai sai an ga yadda gashin ya kasance ranar da aka tsefe shi.

Dalilin wannan yana cikin halittar gashin kanta. Fatar kai tana fitar da maiƙo na halitta, amma silin gashin da yake murɗaɗɗe, kamar na yawancin mutanen Afirka ta Yamma, ba ya barin wannan maiƙo ya gangara cikin sauƙi daga tushe zuwa baki, don haka bakin gashin, wanda shi ne mafi tsufa a jikin silin, yakan fi kowane sashe ƙishirwa. Abin da yake tausasa gashi shi ne ruwa, aikin mai kuwa shi ne ya rufe silin ya rage saurin ficewar ruwan, kitso kuma ya tattara silin wuri ɗaya ya ɓoye bakinsu daga iska da gogayya. Matan da suka gina wannan al'ada ba su bayyana ta da waɗannan kalmomi ba, amma tsarin aikinsu, wanda yake farawa da wanki ya bi da shafa mai ya ƙare da kitsewa, ya yi daidai da abin da masana gashi suka tabbatar daga baya.

Man da ya fi kowane muhimmanci a tarihin wannan yanki shi ne man shanu, kuma hakan yana da alaƙa da yadda aka zaunar da garuruwan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da Wurno ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, ya kuma rasu a can a 1837, ya ƙarfafa wa Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya kusa da irin waɗannan garuruwa, fadamun Rima kuwa suna ba dabbobi ciyawa da ruwa har cikin rani. Ta haka nono da curin man shanu suka zama abin da matan Fulani suke kawowa ƙofar gida a ƙwarya, suna sayarwa ko suna musanyawa da gero. Akwai bambanci mai ma'ana tsakanin ɗanyen man shanu da soyayye, domin ɗanyen, wanda aka tsamo daga nonon da aka kaɗa, yana ɗauke da ragowar ruwa a cikinsa, don haka yakan kai wa gashi ruwa da maiƙo a lokaci guda, alhali soyayyen da aka ƙone ruwansa ya fi dacewa da tukunya da ajiya. Aibin ɗanyen shi ne saurin sauya ƙamshi idan zafi ya yi yawa, abin da ya sa ake haɗa shi da kanumfari ko a turara kai da turare bayan an gama. Man kaɗe kuwa baƙo ne mai daraja, tun da itacen kaɗanya ya fi yawa a kudu, wajen Zuru da Yawuri da Kwantagora, sai fatake sun kawo shi. Man gyaɗa na masu ƙuli-ƙuli shi ne madogarar gidan da bai sami ɗayan biyun ba.

Kafin a kai ga mai, akwai tsifa da wanki, kuma a nan ne karkashi ya sami gurbinsa. Ganyen wannan tsiro, wanda aka fi sani da miya, idan aka jiƙa shi yakan saki yauƙi mai santsi da yake warware cukurkuɗaɗɗen gashi ba tare da an ja shi da ƙarfi ba, yana kuma wanke datti ba tare da ya kwashe maiƙon kai gaba ɗaya ba. Ganyen magarya da aka daka shi ma ana wanke kai da shi. Sabulun salo da ruwan toka sun fi ƙarfin wanki, amma kaifinsu yakan bar silin gashi a buɗe da kaushi, shi ya sa wankin da aka yi da su yake neman mai fiye da na karkashi. Muhimmin abu shi ne lokacin shafa man, domin ana shafa shi ne tun gashin yana da sauran danshi, kashi-kashi, yayin da makitsiya take tsaga layi da tsinke, ta yadda kowane sashe zai shiga kitso da rabonsa.

Salon kitson shi yake yanke yawan man da ake buƙata da kuma inda za a sa shi. Doka, wadda ita ce tsohon adon manyan mata, tudu ne da ake ɗagawa daga goshi zuwa ƙeya a kan matashi da aka cusa a ciki, kuma da yake takan daɗe ba a tsefe ba, ana cika ta da mai tun ranar da aka yi ta. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya zo Kano da Sakkwato a 1824, ya rubuta cewa matan ƙasar suna rina gashinsu da shuni, abin da ya nuna cewa ado da kariya suna tafiya tare tun wancan zamani. Kitson da yake kwance a fatar kai, irin su shuku da sauran zane-zane, yana barin layuka a fili, don haka kulawarsa ita ce a riƙa bin layukan da ɗan mai bayan 'yan kwanaki. Kalaba, wadda igiyoyinta suke reto, ta fi fallasa bakin gashi ga iska da gogar tufafi, don haka a bakin ne ake ƙara mai. Kitson zare kuwa, inda ake naɗe kowane ƙulli da zare daga tushe har baki, ya fi kowanne rufe silin, kuma idan aka kwance shi gashin yakan fito a miƙe, wanda shi ne sakamakon da aka zo ana nema daga baya da ƙarfe mai zafi.

Addini ma ya tsara wannan al'ada ta hanyoyin da ba a cika lura da su ba. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malaman Sakkwato, ya bayyana cewa mace ba sai ta kwance kitsonta ba wajen wankan tsarki, ya isa ta zuba ruwa ta matsa shi, kuma wannan sauƙi shi ya ba kitso damar yin makonni a kai yana samun ruwa lokaci-lokaci. Sharaɗin cewa ruwa ya kai ga fata ya hana a ɗaure kitso tamau ko a laɓta masa abin da zai toshe shi, hanin da aka yi ga ƙarin gashi kuwa ya sa mace ta dogara da nata, don haka tattalinsa ya zama dole. Rufe kai da ɗankwali yana tare ƙura da rana, ko da yake auduga tana shan mai daga gashi.

Sauyin da ya zo ya fara ne daga garke. Annobar bushiya da ta hallaka shanun yankin a farkon shekarun 1890, da farin 1973 da na 1984, duk sun rage nono a lokutansu, yayin da kantuna suka riƙa cika da basilin, man da ake samu daga ɗanyen man fetur, wanda Robert Chesebrough ya yi wa rajista a Amurka a 1872. Basilin ba ya lalacewa da zafi kuma yana rufe gashi sosai, amma ba ya ɗauke da ruwa ko kaɗan, don haka idan aka shafa shi a busasshen kai sheƙi kawai yake bayarwa, ga kama ƙurar hunturu. Bayansa sai man miƙar da gashi mai kaifin sinadari da na'urar busarwa suka shigo ta shagunan birnin Sakkwato, suka kuma isa garuruwan kwarin ta hanyar gyaran amare. Gashin da sinadari ya raunana, idan aka ɗora masa matsattsen kitso, shi yake kawo zubewar gaban goshi da gefen kunne, wadda takan zama ta dindindin idan tushen gashin ya mutu, kuma wannan asara ce da tsohon tsarin ya fi iya kaucewa.

A 'yan shekarun nan satar shanu da hare-haren 'yan bindiga a gabashin Sakkwato sun tarwatsa rugage da dama, sun kuma taɓa kasuwanni irin su ta Goronyo, wadda aka kai wa mummunan hari a watan Oktoba na 2021, abin da ya sa ɗanyen man shanu ya yi wuyar samu a daidai lokacin da 'yan matan birane suka koma neman sa. A yau ana sayar da garin karkashi da man kaɗe a ƙananan robobi ta wayar hannu, tare da garin chebe na ƙasar Chadi, yayin da makitsan ƙauyukan Wurno da Rabah suke ci gaba da kitson zare da kalaba da duk man da uwar yarinya ta iya kawowa.