Yadda Hannun Likita Ya Koyi Gane Tsinkewar Jijiyar Gwiwa

A cikin gwiwar ɗan Adam akwai jijiyoyi biyu masu ƙarfi da suka gitta wa juna, su ne ke riƙe ƙashin ƙwauri don kada ya zame gaba ko baya daga ƙarƙashin ƙashin cinya, kuma Jalinusu, shehin malaman ɗibbu na zamanin Rumawa, wanda Hunainu ɗan Ishaƙa ya mayar da littattafansa Larabci a Bagadaza, ya siffanta su tun ƙarni na biyu na Miladiyya. Sai dai sanin jijiya a wurin tashrihi, wato fiɗar gawa, daban, gane tsinkewarta a jikin mai rai, alhali fata da tsoka sun lulluɓe ta, shi ma daban.

A 1836 'yan'uwan juna, su Weber na Jamus, suka nuna cewa idan aka yanke ta gaba daga cikin jijiyoyin nan biyu, ƙwauri yakan zamo gaba fiye da ƙa'ida. A 1845 kuma Amédée Bonnet na birnin Liyon a Faransa ya ambaci alamomin da majiyyaci ke zuwa da su, wato ƙarar da ya ji lokacin targaɗen, da jinin da ya taru ya kumbura gwiwar, da gazawar ƙafa. Daga nan aka saba da gwajin da ake kamantawa da jan aljihun tebur: a lanƙwasa gwiwa digiri 90, a jawo ƙwauri gaba. Illarsa kuwa, sabon rauni ba ya yarda a lanƙwasa shi haka, ga tsokar bayan cinya takan ɗaure saboda zafi ta riƙe ƙashin, har likita ya yi zaton lafiya lau.

Maganin wannan mushkila ya zo tun 1875, cikin risalar digiri da wani Bagirike, Georgios Noulis, ya rubuta a Faris, amma aka yi ta wucewa ba a waiwaye ta ba. Ga yadda gwajin nasa yake: majiyyaci zai kwanta rigingine, a ɗan tanƙwara gwiwar kaɗan, digiri 20 zuwa 30 a ƙiyasin yau. Hannu ɗaya ya danne cinya, ɗayan ya kama ƙwauri ya jawo shi gaba. In jijiyar na nan, hannu zai ji ta tsaya cak kamar igiyar guga da ta kai iyakarta. In ta tsinke, sai ƙashin ya taho laɓo-laɓo ba mai tare shi. Maɗorin da ya daɗe yana lalube da yatsu zai gane wannan harshe.

Sai a 1976 Joseph Torg ya wallafa gwajin a Amurka, ya sa masa sunan malaminsa John Lachman na Jami'ar Temple da ke Filadelfiya, ladabin almajiri ga shehinsa, abin yabo, ko da yake a ganina isnadin ya tsallake mutum guda. Da sunan Lachman ake koyar da shi har yau, kuma galibi shi likita ke fara yi kafin ya tura mutum hoton MRI.