Auna Zafin Barkono da Boltametiri: Abin da Ilektirod Ke Gani da Abin da Ke Ɓuya Masa

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake auna kafsaisin, sinadarin da ke ba barkono zafi, ta hanyar boltametiri. Hujjarta ita ce ilektirod yana karanta wani sashe ne guda na ƙwayar sinadarin, saboda haka ingancin sakamako ya rataya ga abin da aka haɗa barkonon da shi.

Gabatarwa

A 1912 Wilbur Scoville, masanin haɗa magunguna a Amurka, ya fito da ma'aunin da har yau ke ɗauke da sunansa. Ana jiƙa busasshen barkono a alkohol, a riƙa tsarma shi da ruwan sukari har masu ɗanɗano su daina jin zafi. Yawan tsarmin shi ne makin. Tsantsar kafsaisin tana da maki miliyan 16. Matsalar a fili take: harshe na gajiya, kuma wanda ya tashi da miyar attarugu ba zai ba da hukunci ɗaya da wanda bai saba ba. Na'urar HPLC, mai raba sinadarai ta auna kowanne, ta kawar da wannan shakka, sai dai tsadarta da buƙatar tsayayyar wuta da ƙwararren ma'aikaci sun tsare ta a manyan ɗakunan gwaji.

Wata hanyar kuma ita ce boltametiri, wanda ya samo asali daga aikin Jaroslav Heyrovský, wanda ya ƙirƙiro folarogirafi a 1922, ya kuma karɓi lambar Nobel a 1959. Ana tsoma ilektirod uku a ruwan samfuri: na aiki, na kwatance, da na taimako. Ana ɗaga ƙarfin lantarki sannu a hankali, ana rubuta yawan wutar da ke gudana. Inda sinadari ya saki ilektiron, layin zane ya yi tozo. Wurin da tozon ya tsaya yana nuna irin sinadarin, tsayinsa kuma yana nuna yawansa.

Yadda kafsaisin ke amsawa

Ƙwayar kafsaisin kashi biyu ce: zoben fenol mai ɗauke da rukunin metoksi, da doguwar jela mai son mai. A zagayen farko na awo, wato ɗaga ƙarfin lantarki da sauke shi, zoben ne ke sakin ilektiron 2, rukunin metoksi ya fita a matsayin metanol, a samu kwinon. Wannan mataki ba ya komawa baya. A zagaye na biyu sai wasu tozaye biyu su bayyana a ƙasa da inda na farko ya fito, domin sabon kwinon yana karɓar ilektiron ya kuma sake su. Wannan sauyi tsakanin zagayen biyu shi ne shaidar da mai bincike ke fara nema.

A 2008 ƙungiyar Richard Compton a Jami'ar Oxford ta wallafa a mujallar Analyst yadda ta shafa wa ilektirod ƙananan bututun kabon, ta bar kafsaisin ya manne a kansu kafin a fara awo. Taruwar ta ƙara girman tozon har aka iya gano abin da bai kai maikromola 1 ba. Sun gwada hanyar a kan miyar barkono ta kwalba, sakamakon kuma ya yi daidai da makin Scoville. Mannewar dai tana da illarta: ragowar sinadari na toshe fuskar ilektirod, tozo ya riƙa raguwa, shi ya sa aka fi son ƙananan ilektirod da ake bugawa a faifai, a yi amfani sau ɗaya a yar.

Inda gizo ke saƙa

Kafsaisin da ɗan'uwansa daihaidirokafsaisin su ne kusan kashi 90 cikin 100 na sinadaran zafi a barkono. Bambancinsu a jela yake, ilektirod kuwa ba ya ganin jela, don haka jimilla yake bayarwa. Wannan bai yi illa sosai ba, tunda zafinsu kusan ɗaya ne.

Babbar illar tana wajen gauraye. A ɗauki yajin tsire ko na kilishi, inda ake daka barkono da citta da kanumfari. Jinjarol na citta da yujinol na kanumfari duk suna ɗauke da wannan zobe na fenol mai metoksi, kuma suna sakin ilektiron a kusa da inda kafsaisin ke saki. Tozayensu na hawa kan juna. Mai awo zai ga doguwar alama ya lissafa ta duka a matsayin zafin barkono, alhali wani kaso ƙamshin kanumfari ne. Ɗanyen barkono ma yana da bitamin C da wasu fenol masu amsa wa ilektirod.

A ganinmu, hanyar ta dace da tantance garin barkono zalla wajen saye da fitarwa, in dai an daidaita tsamin ruwan awo, domin tozon yana matsawa duk lokacin da pH ya sauya. Ga haɗaɗɗen yaji kuwa, sai an fara raba sinadaran, ko a gwada kowane rukunin samfuri da HPLC kafin a amince da makin.