Daga Ƙahon Wanzami zuwa Allurar Tsinka Jini

Tun zamanin da Tarauni take ƙauye a bayan badalar Kano, gonaki sun fi gidaje yawa, idan jini ya dami Bahaushe wanzami yake nema, ya zo da zabirarsa, ya yi tsaga, ya kafa ƙaho, ya zuƙo abin da ake kira mataccen jini. Kuma ko da yake magabata sun yi basira da suka gane cewa jinin da ya kwanta cuta ne, ƙaho bai taɓa isa ga gudan jinin da ke daskarewa can cikin jijiyar ƙafar majinyacin da ya daɗe a kwance ba, wanda idan ya ɓalle, ya ratsa zuciya, ya toshe jijiyar huhu, sai a ce mutuwar fuju'a ce. Wannan hanya da jini ke bi daga zuciya zuwa huhu kuwa, Ibn Nafis ne ya yi sharhinta a Misira tun ƙarni na 13.

A 1916 wani ɗalibin likitanci a Baltimore ta Amurka, Jay McLean, ya soma binciken da ya kai ga samun heparin, maganin da ke hana jini daskarewa, daga hantar kare, amma sai bayan shekaru kusan 20 aka tace shi a Toronto har ya dace da jikin ɗan Adam. Shi kuwa warfarin, wanda shi ma maganin tsinka jini ne, asalinsa musiba ce ta makiyaya, domin shanu ne suka riƙa cin ruɓaɓɓiyar harawa suna mutuwa da zubar jini, har Karl Link na Wisconsin ya gano sinadarin. Aka fara sayar da warfarin, wanda aka ƙirƙiro daga wannan sinadari, a matsayin gubar ɓera a 1948, sannan aka halatta shi ga mutane a 1954.

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, ya fara zaman aro a Asibitin Murtala kafin ya tare a titin Zariya, daura da Gyadi-Gyadi, kuma a yau injin wankin ƙoda a can da heparin yake hana jini daskarewa, kamar yadda ake yi wa waɗanda aka yi wa babbar tiyata allurarsa saboda rigakafi. Galibin heparin na duniya daga hanjin alade ake ciro shi, mas'alar da ta cancanci a faɗa wa majinyaci ba tare da ɓoye-ɓoye ba, tunda fuƙaha'u da dama sun yi rangwame a kanta bisa ƙa'idar lalura da ta istihala, wato rikiɗewar abu zuwa wani abu daban, kuma a ganina ceton rai ya fi ƙarfin ƙyama.

Ya kai mai karatu, idan an ɗora ka ko wani naka a kan warfarin, to a jingine ƙaho da tsaga, kada a haɗa shi da jiƙo sai likita ya sani, mace mai juna biyu ta sanar tun da wuri domin yana illa ga ɗan tayi, kuma kada a tsallake ranar awon jini.