Baƙin Abzin: daga ayarin gishiri zuwa kat-kat na masu yawon buɗe ido

Ɗalibin ajin CM2 a Maraɗi ko Tasawa, in ka tambaye shi Abzin, zai ce maka duwatsu ne can arewa a jihar Agadas, kuma a cikinsu ne dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar yake, wato Idukal-n-Taghes na Bagzam, mai mita 2022. In mai ƙoƙari ne ya ƙara maka da yuraniyom na Arlit. Hoton da ke cikin kansa kuwa na kalanda ne: mutum da rawani bisa farin raƙumi, bayansa tudun rairayi. Wannan hoto yana da tarihinsa, kuma bai tsufa ba. An gyara shi ne domin baƙin da suka riƙa zagaya ƙauyukan Abzin da kat-kat daga shekarun 1970 zuwa 2007. Kafin su an yi wasu baƙi, kuma ya dace mu malamai da iyaye mu san yadda suka biyo juna, domin babban rabo na labarin namu ne.

Mu fara da Gobirawa. Labarin da Gobir ta gada ya ce a Abzin suka zauna kafin a matso su kudu, har suka kafa Birnin Lalle, daga baya Alkalawa, sannan Tsibiri da ke bakin Maraɗi bayan jihadi. Ibn Battuta da ya sauka Takedda a 1353 ya lissafa Gobir cikin ƙasashen da ake kai wa jan ƙarfen garin. Tarihin sarakunan Kano kuma ya ajiye cewa a zamanin Sarki Yakubu, tsakiyar ƙarni na 15, Abzinawa suka zo Gobir, gishiri ya wadata a ƙasar Hausa. A cikin wannan ƙarnin ne sarautar Abzin ta zauna a Agadas.

Gishirin nan shi ne kan magana. Ƙauyukan dutse irin su Timiya da Tabelot da na saman Bagzam ba su iya noma hatsin da zai ciyar da su shekara, ruwan sama bai kai ba. Abin da suke da shi raƙuma ne da awaki da ƴan garake a bakin ƙorama. Saboda haka babbar kasuwarsu bisa raƙumi take tafiya. Da kaka, wajen watan Oktoba, mazan Kel Ewey kan ɗaure kaya su nufi gabas, su ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, tafiyar fiye da kilomita 500. Ba ciyawa a hanya, don haka kowane raƙumi yana ɗauke da abincinsa, har a ajiye wani a kan hanya saboda komowa. Suna kai hatsi da cuku da ɗan abin garka, su karɓo kantun gishiri da dabino. In sun dawo dutse suka ɗan huta, sai su gangaro kudu, Damargu, Damagaram, Tasawa, Katsina, har Kano. A nan suke cin rani. Raƙuma su kwana a gonakin da aka girbe, su ci kara su bar taki, mai gona ya ba da damin hatsi. Su sayar da gishiri kasuwa kasuwa, su sayi hatsin shekara da turkuɗin Kura, kafin damina su koma gida. Jagoran ayarin ma da sunan Hausa suke kiran sa, madugu. Mutumin da ke yin wata uku ko huɗu kowace shekara a ƙasar Hausa dole Hausa ta zauna a bakinsa, kuma haka aka yi.

Bature na farko da ya rubuta wannan rayuwa dalla-dalla shi ne Heinrich Barth, Bajamushe mai yi wa Ingila aiki, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim. A 1850 shi da abokan tafiyarsa biyu suka sauka Tintellust, ƙarƙashin kariyar Annur, babban mutumin Kel Ewey. Daga can ya tafi Agadas cikin watan Oktoba, ya tarar da gidaje da yawa sun zama kango, hasumiyar babban masallaci kuwa shekara shida ke nan da sake gina ta. Abin da na fi so a karanta wa yara daga bayaninsa shi ne na kasuwa: ya lura cewa a kasuwar Agadas hatsi ne ma'aunin ciniki, da shi ake sayen kaya. Hatsin nan daga kudu yake zuwa. Shi kansa Barth, da zai bar Abzin a ƙarshen shekarar, ayarin gishiri ya bi har Damargu. Gidan da ya sauka a Agadas yana nan ana nuna wa baƙi.

Baƙin da suka biyo baya da bindiga suka zo. A 1899 rundunar Foureau da Lamy ta shigo ta Iferwan, raƙumanta suka ƙare, ta yi watanni tana neman na mutane da ƙarfi kafin ta wuce Damagaram. Daga 1906 Faransa ta zauna a Agadas. Haraji da ƙwace raƙuma don aikin soja da farin 1913 zuwa 1914 suka haɗu, sai ga Kawsan a Disamban 1916, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, ya kewaye barikin Faransawa har zuwa Maris na 1917. Da taimako ya iso daga Damagaram, ramuwar ta yi muni ƙwarai. An kashe malamai a Agadas, an kwashe dabbobi, an kori mutane daga dutse zuwa kudu. An kashe Kawsan a Murzuk a 1919, Tagama ya mutu a kurkukun Damagaram a 1920. Wani Baturen Ingila, Francis Rodd, da ya zagaya Abzin a 1922, ƙauyuka ya yi ta tararwa babu kowa. Kufan da daga baya aka riƙa kai masu yawon buɗe ido su ɗauki hoto, irin na Asode, wasunsu a wannan lokaci ne mutanensu na ƙarshe suka watse. Ba kowane jagora ba ne yake faɗa wa baƙonsa Bafaranshe haka.

Ayari ya farfaɗo bayan wannan, amma farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 suka cinye raƙuma masu yawa. Da yawa daga waɗanda suka rasa garke suka koma garka, rijiya da raƙumi ɗaya ko sa mai jan guga. A daidai wannan lokaci ne sabbin baƙi suka fara ƙaruwa. Ma'adinin Arlit ya fara aiki a 1971, ya kawo injiniyoyin Faransa da iyalansu masu neman wurin hutun ƙarshen mako. An shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas da Arlit. Samarin Turai kuma suka gano sana'ar ratso sahara da tsofaffin Peugeot ta Tamanrasset da Asamaka, su sayar a Arlit ko Agadas su koma gida da jirgi. A 1979 tseren motoci na Paris-Dakar na farko ya bi ta Agadas, daga baya talabijin ɗin Faransa ya nuna wa duniya Tenere.

Mutumin da ya fi kowa gane abin da za a iya sayarwa a nan shi ne Mano Dayak, ɗan kwarin Tidene, wanda ya zauna a Amurka da Faransa ya dawo ya buɗe kamfanin Temet Voyages a Agadas. Shi da waɗanda suka bi sawunsa suka tsara zagayen da kusan kowane baƙo ya yi daga baya: a tashi daga Agadas, a kwana Timiya mai nisan kilomita kusan 220, a ga ruwan da ke zubowa daga dutse da garaken lemu da rumman da dabino, a wuce kufan Asode, a isa Iferwan wurin maƙera, a fita ta gabas zuwa tuddan Temet, a komo. Mai ƙarfin ƙafa ya hau Bagzam da jaki. A 1987 aka sanar da duniya zanen raƙuman dawa na Dabus, babban ya haura mita 5, sassaƙe jikin dutse tun shekaru dubbai. A 1988 gwamnati ta keɓe gandun Abzin da Tenere, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 77,000, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991.

Kuɗi ya shigo, wannan babu musu. Direbobi da kuku da jagorori da masu hayar raƙuma sun samu, maƙera sun fi kowa samu. Maƙerin da dā yake yi wa ubangidansa sirdi da takobi ya koma ƙera azurfa don Nasara, wasu har Turai suke kai kaya da kansu, suka fi iyayen gidansu na dā arziki. Allon nan mai kuros 21 da muke gani a shagunan Yamai, kowane da sunan gari, da wannan kasuwa ya yaɗu. Wasu baƙin da suka koma gida sun kafa ƙungiyoyi, suka gina azuzuwa da rijiyoyi da ɗakunan shan magani a ƙauyukan da suka sauka. Alheri ne, sai dai rabonsa ya bi hanyar mota: ƙauyen da ke kan zagaye ya samu, na bayan dutse bai samu ba.

Ga mu masu alli kuwa akwai wani gefe. Yaron da ya ga cewa kalmar kado ɗaya a bakin tagar kat-kat tana kawo masa bik ko alawa ko kuɗin da ya fi na yinin ubansa a garka, da wuya ka riƙe shi a aji ranar da motoci suka shigo. A Agadas har suna aka yi wa samarin da ke bin baƙi da kayan sayarwa, da Faransanci ake ce musu masu farautar turis. Lokacin baƙi kuma, daga Oktoba zuwa Maris, shi ne tsakiyar shekarar lakol. Ban ga laifin yaran ba, lissafi suka yi. Babban abin da nake ƙorafi a kai shi ne abin da baƙon ya zo nema. Ya biya kuɗin jirgi don ya ga makiyayi mai rawani, saboda haka mai garka da hauyarsa, da macen da ke kiwon awaki wata da watanni ita kaɗai a kwari, da zuriyar bayin dā, da Hausar da ake yi a kasuwar Agadas, duk aka ture su gefen hoto. Daga littattafansu da finafinansu hoton ya komo mana, har ya shiga kan ɗalibanmu.

Kasuwar ba ta daɗe ba. Bayan kisan Cintabaradan a Mayun 1990 tawaye ya tashi, wasu jagororin suka ɗauki bindiga, Mano Dayak na cikinsu. A 1992 UNESCO ta mayar da gandun cikin jerin masu fuskantar haɗari. An sa hannu kan sulhu ranar 24 ga Afrilun 1995, shi kuma ya mutu a haɗarin jirgi cikin duwatsun a Disamban wannan shekara, filin jirgin Agadas sunansa yake ɗauke da shi. Bayan ƙona makamai a Agadas a Satumban 2000 baƙi suka dawo, har da jiragen haya kai tsaye daga Faransa, aka fara bikin Abzin a Iferwan. Shekara shida ko bakwai aka samu. A Fabrairun 2007 MNJ ta kai hari Iferwan, aka dasa nakiyoyi a hanyoyi, mutanen garin suka watse, makarantu suka rufe. Yaƙin ya lafa a 2009, amma a Satumban 2010 aka sace mutane bakwai a Arlit, ƙasashen Turai suka shafa wa yankin jan launi a taswirarsu. Ko sanya tsohon garin Agadas cikin gadon duniya a 2013 bai maido da su ba.

Direbobin da suka san sahara ba su zauna ba. Wasu suka koma ɗaukar matafiya zuwa Libiya, har dokar 2015 ta mayar da sana'ar laifi, aka kama mutane da motoci, kafin a soke dokar a Nuwamban 2023. Wasu suka bi zinariyar Jado da Cibarakatan daga 2014, kuma duk malamin da ya koyar a arewa ko a nan kudu ya san yadda zinariyar nan ta ɗebe manyan yara daga kolej.

Abin da ya riƙe ƙauyukan dutse a duk wannan faɗi-tashi garka ce. Injin ban ruwa ya maye gurbin raƙumi a rijiyoyi da yawa. Albasar Tabelot da kwaruruwan kewaye tana fitowa ne a ƙarshen shekara, lokacin da ta Galmi ta yi ƙaranci, don haka take da daraja, kamiyo kamiyo ake lodinta zuwa kudu har ƙasashen gabar teku. Dankalin turawa da tafarnuwa na Bagzam da lemun Timiya suna bin hanya ɗaya. In ka duba, tsohuwar alaƙar ce ta ci gaba: dutse ya turo abin da yake da shi, kudu ta mayar da hatsi.

Malamin da zai koyar da darasin Abzin a Maraɗi ko Damagaram bai buƙatar hoton kalanda. Ya aro kantu guda daga kasuwar dabbobi ya aza bisa tebur, ya sa yara su bi hanyarsa a taswira daga Bilma zuwa Timiya zuwa garinsu, su tambayi kakanninsu ko raƙuma sun taɓa kwana a gonarsu da abin da aka ba masu su. A ƙauyuka da yawa na Damargu da Tasawa akwai tsofaffin da za su amsa da sunan madugun da ke sauka gidansu. Ayarin ya ragu ƙwarai, kamiyo ya karɓe yawancin lodin, amma har yanzu in kaka ta yi akwai mazan Timiya da ke ɗaure wa raƙuma ciyawa su nufi Fashi.