Dutsen Zagami: Shekara 33 Ana Neman Asalinsa

Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi a kusa da Zagami, cikin lardin Katsina na wancan lokacin, yana korar tsuntsaye daga gonarsa, sai ya ji wata ƙara mai firgitarwa. 'Yan taku kaɗan daga inda yake tsaye, wani baƙin dutse ya faɗo daga sama ya nutse cikin ƙasa. Da aka tono shi aka ɗora a ma'auni, sai ga kusan kilo 18. Aka kai shi ofishin binciken ma'adinan ƙasa a Kaduna, daga nan aka riƙa yankar gutsattsarinsa ana aikawa ɗakunan gwaje-gwaje na ƙasashen waje.

A can ne rikicin ya fara. Cikin duwatsu akwai sinadaran da ke rikiɗewa sannu a hankali su koma wasu, kamar rubidiyam da ke komawa sitirontiyam, kuma masana sun san tsawon lokacin da rikiɗar ke ɗauka. Da haka ake ƙirga shekarun dutse. Galibin duwatsun da ke faɗowa daga sama sun kai shekara biliyan 4.5, sa'annin rana ne, ɓaraguzan ƙananan duniyoyi da suka huce tun farko. Shi kuwa na Zagami bai wuce shekara miliyan 180 da daskarewa ba, kuma daga aman wuta ya daskare. Ke nan ya fito ne daga babbar duniya wadda cikinta ya daɗe yana tafasa. Ba shi kaɗai ba ne: akwai 'yan'uwansa da suka faɗo a Faransa a 1815, da Indiya a 1865, da Masar a 1911. To, daga ina?

Ba daga duniyarmu ba ne, ba kuma daga wata ba, domin nau'in iskar oksijin da ke cikinsu ya saɓa wa na duwatsunmu da waɗanda 'yan sama-jannatin Apollo suka kwaso daga wata. Aka fara zargin duniyar Mars. Amma masana da yawa suka ce a'a, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce: kafin dutse ya kuɓuce daga ƙarfin jan Mars sai ya yi gudun kilomita 5 a daƙiƙa guda, bugun da zai cilla shi haka kuwa ai narkar da shi zai yi.

Madubin hangen nesa, komai girmansa, ba shi da ta cewa a wannan gardama. A kan teburin gwaji aka raba ta. A 1976 kumbunan Viking guda biyu na Amurka suka sauka a Mars, suka auna iskarta, suka aiko da adadin agon da naitirojin da zinon da ke cikinta. Wannan haɗi ya bambanta da na ko'ina, kamar yadda tsagar fuska ke nuna gidan da mutum ya fito. A 1983 Donald Bogard da Pratt Johnson, a cibiyar NASA da ke Houston, suka ɗauki wani dutsen dangin nan da aka tsinto a ƙanƙarar Antatika. A jikinsa akwai ɗigo-ɗigon baƙin gilashi, wuraren da dutsen ya narke nan take saboda tsananin bugu, ya sake daskarewa da iska a kulle a ciki. Suka gasa gilashin, suka tattara 'yar iskar da ta fito, suka auna ta. Sai ta zo daidai da abin da Viking ya aiko. A ganina nan ne labarin ya fi daɗi: bugun da aka ce ba zai bar dutse ya tsira ba, shi ne ya kulle shaidar a cikinsa.

Shekara guda bayan haka masani Jay Melosh ya nuna ta lissafi cewa idan babban dutse ya faɗa wa duniya, duwatsun da ke saman ƙasa kusa da wurin na iya tashi da gudun tsiya ba tare da sun narke ba. Na Zagami kansa sai a 1995 Kurt Marti da abokan aikinsa suka sami iskar Mars cikin gilashinsa. Wani gwajin, na tabon da hasken sararin samaniya ke bari a jikin dutse, ya nuna ya yi kusan shekara miliyan 3 yana shawagi kafin ya iso Katsina. A 2013 motar bincike Curiosity ta sake auna agon a Mars, sakamakon ya ƙara tabbatar da maganar.

Har yau ba a kawo ko tsakuwa ɗaya daga Mars da kumbo ba, don haka irin waɗannan duwatsu su ne kaɗai abin da masana ke iya taɓawa da hannu. Na Zagami yana cikin waɗanda aka fi nazari a duniya, amma ɗalibanmu kaɗan ne suka taɓa jin sunansa. Malaman kimiyya na Katsina da Kano da Zariya, ku sa shi cikin darasi. Wanda kuma Allah ya sa ya ga irin wannan dutse ya faɗo, kada ya farfasa shi, ya kai shi sashen nazarin ƙasa na jami'ar da ke kusa da shi.