Malamai da Koyarwa ta Intanet a Kudancin Birnin Kaduna, 2020

A watan Maris na 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da umurnin rufe makarantu saboda annobar korona, Jihar Kaduna kuma ta kafa dokar hana fita. Ga yawancin malaman jami'o'in gwamnati, zancen koyarwa ta intanet bai taso sosai ba, domin ƙungiyarsu, ASUU, tana yajin aiki tun daga wannan wata har Disamba.

Abin lura yana Barnawa, ƙetaren kogi, inda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna take koyar da safiyo da zanen gine-gine. Malamin da ya fi son Zoom, don ya ga ɗalibi ya yi masa tambaya, yakan tarar tsadar data da ɗaukewar lantarki sun raba shi da ajinsa. Saƙon WhatsApp kuwa yana jiran ɗalibi har ya sami caji. Shi ya sa malamai da dama a ƙasar nan suka karkata gare shi. A ganina dai, ko ɗaya bai wadatar da malamin safiyo ba, domin awon fili sai ɗalibi ya riƙe na'ura ya taka ƙasa.